Baƙin gwamnati ne ko baƙin HCR? Amsa ga wani malamin makaranta daga yankin Madawa

Wani malami da ke shugabantar makarantar firamare a wani ƙauye na yankin Madawa ya aiko da tambaya. Ya ce tun lokacin da mutanen Sabon Birni da na Isa suka fara tsallako iyaka suna gudun 'yan bindiga, azuzuwansa sun cika sun batse, rijiyar garin ta daina isar jama'a, kuma mutanen gari sun laƙaba wa waɗanda suka zo sunan "baƙin HCR", wato baƙin hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da 'yan gudun hijira. Yana so ya san wane ne a haƙiƙa yake ɗauke da nauyin waɗannan bayin Allah, gwamnatin Nijar ko hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya, yadda ɓangarorin biyu suke raba aiki a tsakaninsu, da kuma abin da zai faru ranar da masu fararen motoci suka naɗe kayansu.

Malam, na gode da wannan tambaya, domin ita ce aka fi yi mini a shekarun da na yi ina aikin rajista da bin haƙƙin 'yan gudun hijira a jahar Tahoua, kuma galibi masu yin ta hakimai ne da masu gari da malamai irinka, wato mutanen da nauyin yake fara sauka a wuyansu. Amsar a taƙaice ita ce, duk wanda ya tsallako iyaka yana neman tsira da ransa baƙon ƙasar Nijar ne, kuma gwamnati ce doka ta ɗora wa alhakin kare shi. HCR da sauran hukumomin duniya mataimaka ne da suka shigo da izinin mai gida. Sunan nan na "baƙin HCR" kuskure ne mai tsada, saboda yana sa maigari ya naɗe hannu yana jiran mota daga Tahoua, yana kuma sa baƙon ya ɗauka ba shi da wata alaƙa da hukumar ƙasar da yake kwana a cikinta.

Tushen maganar yarjejeniyoyi biyu ne. Ta farko ita ce ta Jeniba ta 1951, wadda Nijar ta amince da ita tun 1961, shekara guda bayan samun 'yancin kai. Ita ce ta kafa ƙa'idar da komai ya rataya a kanta, a aya ta 33: ba a mayar da mutum inda ransa ko 'yancinsa yake cikin haɗari. Aya ta 31 ta hana a hukunta shi don ya shigo ba tare da takarda ba, muddin ya gabatar da kansa ga hukuma ba da ɓata lokaci ba. Aya ta 22 ta ba 'ya'yansa damar karatun firamare daidai da 'ya'yan ƙasa, kuma wannan ta shafe ka kai tsaye. Aya ta 2 kuwa ta wajabta masa bin dokokin ƙasar da ta karɓe shi. Duk waɗannan alkawura gwamnatoci ne suka sa musu hannu. HCR ba ta da soja ko jandarma, ba ta da kotu, ba ta da ko taƙi ɗaya na fili da za ta ce wa mutum ya kafa bukka a kai. Abin da aya ta 35 ta ba ta shi ne matsayin mai sa ido a kan yadda ake aiki da yarjejeniyar, tare da wajabta wa gwamnatoci su ba ta haɗin kai da bayanai.

Ta biyu, wadda ta fi kusa da halin da kake ciki, ita ce ta Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, da aka ƙulla a Adis Ababa ranar 10 ga Satumba 1969. Yarjejeniyar Jeniba an rubuta ta ne da Turai ta bayan yaƙin duniya na biyu a zuciya, inda ake farautar mutum saboda addininsa, ko ƙabilarsa, ko ra'ayinsa na siyasa. Matar da ta goyo ɗanta cikin dare daga wani ƙauye na Sabon Birni ba ta san wata siyasa ba. Abin da ta sani shi ne an sace shanu, an ƙona rumbuna, an ɗora wa garinsu harajin da ba za su iya biya ba. Shugabannin Afirka sun hango irin wannan, shi ya sa suka faɗaɗa ma'anar ɗan gudun hijira ta haɗa da duk wanda ya bar gida saboda mamaya ko wani tashin hankali da ya dagula zaman lafiya a wani yanki na ƙasarsa ko a ƙasar baki ɗaya. Yarjejeniyar ta kuma ce ba da mafaka aikin jinƙai ne, kada wata ƙasa ta ɗauke shi a matsayin gaba, sannan ta umarci a zaunar da 'yan gudun hijira nesa da bakin iyakar ƙasarsu gwargwadon hali. Ka riƙe wannan magana ta ƙarshe, za mu dawo kanta.

A cikin gida, Nijar ta mayar da waɗannan alkawura doka mai lamba 97-016 ta ranar 20 ga Yuni 1997, aka kuma fitar da ƙa'idojin aiki da ita a 1998. Dokar ce ta kafa hukumar ƙasa mai tantance masu neman mafaka, wadda ake kira CNE, a ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida. Ita ke cewa wane ɗan gudun hijira ne, wane kuma ba shi ba ne, kuma wanda aka ƙi yana da damar ɗaukaka ƙara. Sai dai idan dubban mutane suka kwararo a mako ɗaya, ba a iya zaunar da kowa a yi masa tambayoyi ɗaya bayan ɗaya, don haka gwamnati takan fitar da ƙuduri ta karɓi jama'ar wani yanki a dunƙule, bisa hujjar da kowa yake gani da idonsa. Haka aka yi wa 'yan Mali da suka shigo a 2012, haka kuma aka yi a 2020 wa 'yan Najeriya masu gudun rikicin Sakkwato da Zamfara da Katsina. Ke nan mutanen da ke garinku sa hannun ministan Nijar ne ya ba su matsayinsu.

Bari in nuna maka yadda haɗin kan yake a ƙasa, domin a wurin rajista ne ake ganinsa ƙarara. Na tuna wata rana a ƙarƙashin wata rumfar zana a wani ƙauye kusa da Bangi. Teburi biyu ne a jere. A na farko ma'aikacin gwamnati yana tambayar suna da garin asali da yawan iyali, maigari yana gefensa yana tabbatar da cewa lallai wance a gidan wane ta sauka. A na biyu ma'aikaciyar hukumar agaji tana ɗaukar hoton yatsu da na ƙwayar ido da na'ura. Wata dattijuwa ta zo da jikoki huɗu, ba ta da ko guntuwar takarda, kuma da aka tambaye ta shekarun ƙaramin sai ta ce an haife shi damina biyu kafin a kashe ubansa. Da wannan muka ƙiyasta shekarunsa. Da aka miƙa mata takardar shaida, ta naɗe ta cikin leda ta ɗaure a bakin zane, ta tambaye ni ko da ita za ta iya wucewa shingen jami'an tsaro zuwa kasuwar Madawa ba a tsare ta ba. Na ce mata eh, kuma dalilin da ya sa na iya faɗin haka shi ne hukumar ƙasa tana tsaye a bayan takardar. Na'urar da kwamfutar da kuɗin man mota daga waje suka zo, amma jandarman da ke kan hanya ikon gwamnatinsa yake girmamawa.

To, mene ne aikin hukumomin duniya? HCR, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa a ƙarshen 1950, tana ba gwamnati shawara a kan doka, tana taya ta rajista, tana bin diddigin yaran da suka rabu da iyayensu da matan da aka ci wa zarafi, tana samar da tantuna da tabarmi da kayan girki a kwanakin farko, sannan tana tsara aikin ƙungiyoyi masu zaman kansu da take ba kuɗi su yi aiki a madadinta. Cimaka aikin PAM ne, wato hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma bisa yarjejeniyar da ke tsakanin hukumomin biyu, PAM ce ke ɗaukar ciyarwa idan yawan mutanen ya kai 5,000. UNICEF takan shiga maganar makaranta da ruwa da tamowa. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, kusan duk kuɗin HCR gudunmawa ce ta ganin dama da ƙasashe masu hali suke bayarwa shekara-shekara, abin da take samu daga asusun Majalisar kai tsaye ɗan kaɗan ne. Ba wanda zai kai Jamus ko Amurka kotu don ta rage abin da take bayarwa. Alhakin gwamnatin Nijar rubutacce ne a doka kuma ba ya ƙarewa da ƙarewar shekara, alhali taimakon waje yana iya raguwa a kowane lokaci, kuma a nan ne duk wahalar wannan haɗin gwiwa take.

Darasi mafi girma da na koya a kan wannan al'amari a arewacin jaharmu na koye shi, a Intikan. Lokacin da rikicin arewacin Mali ya ɓarke a 2012, an buɗe sansanoni a jahar Tillaberi, a Tabarebare da Mangaize da Abala. Amma waɗanda suka shigo ta ɓangaren Tiliya makiyaya ne, Buzaye da Fulani da Larabawa, kuma sun zo da raƙuma da awaki da shanu. Idan ka kulle makiyayi a sansani mai shinge, ka raba shi da dukiyarsa, cikin wata shida zai sayar da dabbobinsa a wulaƙance ya koma mai miƙa hannu. Hukumomin Nijar da HCR suka zauna da sarakunan yankin, aka amince a keɓe wani faffaɗan yanki na kiwo inda baƙin za su zauna yadda suka saba, su bi dabbobinsu, su haɗu a wuri ɗaya don ruwa da makaranta da gidan likita. A 2013 aka kwaso su daga bakin iyaka zuwa Intikan, wasu a mota, wasu a ƙasa suna kore da garkunansu. An yi irin wannan a Tazalit. Babu hukumar duniya da za ta iya yin wannan ita kaɗai, domin makiyaya da mashaya suna da masu su tun kaka da kakanni, kuma sai gwamna da sarki sun sa baki kafin makiyayin gida ya yarda a raba ciyawa da shi. Ita ma gwamnati ba ta da kuɗin tura ruwa a bututu cikin wannan hamada. Da kowa ya kawo nasa, abin ya tsaya da ƙafafunsa: kasuwa ta ci, yaran gari da na baƙi suka zauna aji ɗaya, 'yan ƙasa ma suka riƙa matsowa saboda ruwa.

Abin da ya rusa shi rashin tsaro ne, wato ɓangaren da babu wanda zai iya ɗaukar wa gwamnati. Ranar 6 ga Oktoba 2016 aka kai hari Tazalit, aka kashe jami'an tsaro 22 da ke gadin wurin. Ranar 31 ga Mayu 2020 'yan bindiga suka shiga Intikan, suka kashe shugabannin 'yan gudun hijira biyu da wani shugaban mutanen gari, suka lalata tashar ruwa da na'urorin sadarwa. Ranar 21 ga Maris 2021 aka yi kisan gillar ƙauyukan Tiliya, inda gwamnati ta sanar da mutuwar mutum 137. A cikin wannan shekara hukumomi suka rufe yankin Intikan. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Ina kawo wannan ne don a riƙa yin adalci wajen lissafi. Idan ana ƙirga abin da kowa ya bayar, akan ambaci miliyoyin dalar masu ba da agaji, a manta da cewa Nijar ta ba da fili, ta ba da ruwan ƙarƙashin ƙasarta, ta kuma ba da rayukan 'ya'yanta.

Wannan ne kuma ya sa ake matsa wa baƙi su bar ƙauyukan bakin iyaka, abin da na san yana ɓata wa wasunsu rai, domin manomi yana so ya zauna inda zai iya leƙa gonarsa da safe ya dawo da yamma. Sai dai ɗan bindigar da ya kore shi ma yana iya tsallakowa a kan babur. Lokacin da mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina suka kwararo jahar Maraɗi a 2019, musamman yankin Gidan Rumji, gwamnati ba ta buɗe sansani ba. An zaɓi wasu garuruwa da ke nesa da iyaka, Ɗan Daji Makau da Garin Kaka da Cadakori, aka ƙara musu rijiyoyi da azuzuwa da gidan likita da kasuwa, sannan aka mayar da waɗanda suka yarda can. A ƙarshen 2019 kuma aka rufe sansanonin Tillaberi, aka zaunar da 'yan Mali cikin garuruwan Ayoru da Walam da Abala. Manufar ɗaya ce, kuma ni ina goyon bayanta: maimakon a gina wa baƙo asibitinsa daban da makarantarsa daban, waɗanda za su mutu ranar da kuɗin aikin ya ƙare, a ƙarfafa na gwamnati kowa ya amfana. Wannan tunani ne ƙasashen duniya suka amince da shi a babbar yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta Disamba 2018, kuma a wannan shekara Bankin Duniya ya ware wa Nijar dala miliyan 80 don aikin PARCA, wanda tun daga sunansa ya haɗa 'yan gudun hijira da al'ummar da ta karɓe su. Kuɗin ta hannun gwamnati suka bi, kuma hakan ya dace.

Ba zan ɓoye maka wuraren da igiyar take tsinkewa ba. Na farko shi ne wanda kai kanka ka gani: kafin kowace mota ta iso, mutanen gari ne suke buɗe rumbunansu. Na shiga gidaje inda maigida mai mata biyu ya koma kwana a zaure ya bar wa baƙi ɗakuna, ana auna tiyar hatsi ɗaya a raba gida uku, ba don an yi masa alkawarin komai ba, sai don yare ɗaya ne, addini ɗaya, wani lokacin ma dangi ne na jini. Bayan wata biyu sai rabon cimaka ya zo da sunan baƙo kaɗai, mai masaukin da rumbunsa ya ƙare yana tsaye yana kallo. Babu abin da yake ɓata zumunci da sauri kamar wannan. An gyara a wurare da dama, ana sa magidantan gari masu rauni a cikin rabo, amma har yanzu ba a kai inda ya kamata ba, kuma hakimai suna da cikakken haƙƙi su tayar da maganar a duk taron da aka kira su.

Na biyu shi ne maganar ƙwararrun ma'aikata. Ƙungiya takan zo da albashin da ya ninka na gwamnati, ta janye ungozoma ko malamin jinya mafi ƙwarewa daga gidan likitan hukuma, bayan shekara biyu aikin ya ƙare, an bar gidan likitan ya fi da rauni. Na taɓa ganin wata tashar ruwa mai aiki da hasken rana da aka gina da kuɗi masu yawa, aka buɗe ta da biki, amma ba a zauna da hukumar gari an tsara wanda zai karɓi kuɗin ruwa ko ya sayi kayan gyara ba. Da injin ya lalace, mata suka koma rijiyar guga, kowane ɓangare yana cewa ai na ɗayan ne. Duk aikin da ba a rubuta tun ranar farko wanda zai gaje shi ba, ƙarshensa ke nan.

Na uku shi ne ja-in-ja tsakanin tsaro da isa ga mabuƙata. Gwamnati takan hana zirga-zirga a wasu yankuna, ko ta hana hawan babur, ko ta ce sai da rakiyar sojoji, kuma tana da hujja, domin idan aka sace ma'aikaci ita za a tambaya. Masu agaji kuma suna tsoron kada a gan su tare da masu bindiga a ɗauke su ɓangare ɗaya na yaƙi, su da mutanen da suke taimako su zama abin hari. Kowanne da gaskiyarsa, kuma ban taɓa ganin an warware wannan da wasiƙa daga Yamai ko Jeniba ba. A ofishin gwamna ko na shugaban gunduma ake warware shi, hanya bayan hanya, mako bayan mako, tsakanin mutanen da suka san juna kuma suka yarda da juna.

Siyasar duniya ma tana shigowa. A Nuwamba 2017 Nijar ta amince a riƙa kwaso mutanen da suka maƙale a gidajen tsare baƙi na Libiya zuwa Yamai, daga baya zuwa Hamdallay, kimanin kilomita 40 daga babban birni, su jira a sama musu ƙasa ta uku. An ceci rayuka da wannan shiri, amma duk lokacin da ƙasashen da suka yi alkawarin karɓa suka yi jinkiri, nauyin a kan mai masauki yake zama. Bayan sauyin mulki na 26 ga Yuli 2023 kuma, takunkumin da aka ƙaƙaba wa ƙasar da rufe iyakar Benin sun sa kayan agaji sun maƙale a hanyar Kwatano, sai da aka riƙa zagayowa ta Lome da Burkina Faso da tsada da jinkiri. A 2025 Amurka, wadda ta daɗe tana kan gaba wajen ba HCR da PAM kuɗi, ta zaftare taimakonta na waje, wasu ƙasashen Turai ma suka rage nasu, hukumomin suka rage ma'aikata da rabo a ƙasashe da dama. Saboda haka tambayarka ta ƙarshe, ta ranar da za su naɗe kaya, ba ta nesa ba ce. Abin da zai rage a ranar shi ne abin da aka riga aka shigar cikin tsarin ƙasa: yaron da sunansa yake cikin rajistar makarantar gwamnati, malamin da yake cikin lissafin ma'aikatar ilimi, rijiyar da take da kwamitin gari, gonar aro da aka rubuta a gaban maigari da shaidu. Dokar 1997 ma tana nan, ko an ba da kuɗi ko ba a ba da ba.

Akwai abu biyu da ya kamata ka bambance, tun da a garinku za ka iya samun duka. Wanda ya gudo daga wani ƙauyen Nijar zuwa wani, bai tsallaka iyaka ba, ɗan ƙasa ne da duk haƙƙinsa, kuma dokar da ta shafe shi ita ce mai lamba 2018-74 ta Disamba 2018, wadda ta sa Nijar ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta mayar da yarjejeniyar Kampala ta 2009, mai kare waɗanda suka bar gidajensu a cikin ƙasarsu, dokar cikin gida. Shi kuwa wanda ya tsallako, komawarsa gida sai da yardarsa. Ba a tilasta masa, kuma idan lokacin komawa ya yi, akan ƙulla yarjejeniya tsakanin ƙasar asali da ƙasar masauki da HCR, kamar wadda Nijar da Mali da HCR suka sa wa hannu a Yamai a watan Mayu 2014. Mutanenmu suna cewa baƙo raɓa ne, amma 'yan Malin da suka zo a 2012 da yawansu suna nan, yaran da aka haifa musu a Tiliya sun isa shiga kwaleji. Duk wanda yake tsara aiki a garinku ya tsara shi da tunanin shekaru.

Game da makarantarka, Malam, ga abin da nake ba ka shawara. Ka rubuta kowane yaro da ya zo a rajistar makaranta kamar sauran, ko yana da takarda ko ba shi da ita, domin doka tana bayanka. Ka aika da adadin, maza da mata, aji-aji, zuwa ga sufeton ilimi na yankinku a rubuce, ka ajiye kwafi, ka ba hukumar gari kwafi. Wannan ita ce hanyar da buƙatarka za ta hau teburin da gwamna da hukumomin agaji suke zama a Tahoua, domin abin da ba ya cikin alƙaluman ma'aikatar ilimi ba a ware masa malami ko tebur ko allo. Idan wata ƙungiya ta zo da tayin gina aji, ka roƙi a gina shi a harabar makarantarka, a ƙarƙashin shugabancinka, kuma a tambayi sufeto tun kafin a aza tubali wane ne zai turo malamin da zai tsaya a ciki. Yaran da suka fara karatu da Turancin Ingilishi a Najeriya, ko waɗanda makarantar allo kaɗai suka sani, za su sha wuya da Faransanci a watannin farko, amma Hausa ta haɗa ku, kuma ajin share fage na 'yan watanni yakan wadatar da ƙananan.

Sai maganar takardar haihuwa, wadda nake roƙonka kada ka yi wasa da ita. Duk jaririn da aka haifa a garinku, ko iyayensa daga ina suke, yana da haƙƙin a rubuta haihuwarsa a Nijar, kuma dokar 2019 ta ba da kwana 60 a kai sanarwa. Idan wa'adin ya wuce sai an bi ta hannun alƙali, shi ya sa ake shirya zaman kotu na tafi-da-gidanka a ƙauyuka, inda alƙali yake zuwa da kansa, hukumomin agaji kuma sukan ɗauki kuɗin tafiyar. Ka tattara sunayen yaran da ba su da takarda, na baƙi da na gari gaba ɗaya, domin na tabbata za ka tarar da 'yan gari da yawa a cikinsu, ka kai wa hukumar gari da wakilin hukumar CNE na yankinku, ka nemi a sa garinku cikin zagaye na gaba. Yaron da ya kai ajin jarrabawar BEPC ta kammala kwaleji ba shi da wannan takarda zai tsaya a ƙofa, kuma a lokacin neman shaidun haihuwarsa ya fi wuya nesa ba kusa ba.